Yadda Kwamanda Ya Hana Kifi Cin Ganye

Duk wanda ya taɓa shiga ginin nan mai hawa huɗu ya san Kwamanda, domin ba a wuce teburinsa na bakin ƙofa ba a ji labarin karnuka ba. Ko likitan haƙori ka zo gani a hawa na biyu, kuncinka a kumbure, sai ya tsare ka ya gaya maka yadda ya taɓa tsayar da karnuka goma sha biyu cak da busa ɗaya. Ko wajen lauyoyin hawa na uku za ka, sai ya naɗe ƙafar wando ya nuna maka tabon da ke ƙaurinsa. Gaskiyar magana ita ce wata takwas ya yi a wani kamfanin tsaro yana wanke keji da kai wa karnuka abinci, tabon kuwa ya same shi ne ranar da ya manta bai rufe ƙofa ba. Sunan Kwamanda ma shi ya raɗa wa kansa. Shekara goma sha ɗaya yana shugaban masu gadin ginin, wato shi da wani dattijo mai zuwa canjinsa, har mutane suka gaji da musu suka bar masa sunan.

Wata Litinin da safe Manaja ta kira shi ofishinta. Mace ce marar son dogon zance.

"Kwamanda, wani kamfanin tsaro ya kawo takarda yana son ya karɓi gadin ginin nan. Mai ginin za ta zo Alhamis ta sama, ranar za a yanke magana. Na ce gara ka ji daga bakina."

Kwamanda ya haura shekara hamsin da biyar, gwiwarsa ta hagu sai ta yi ƙara idan yana hawa matakala, kuma ya san ba wanda zai ɗauki mai gadi irinsa a yanzu. Tsoro ya ji, tsoro na gaske. Sai dai bakin Kwamanda ba ya shawara da cikinsa, don haka ya gyara hula yana neman abin da zai faɗa. Yana cikin nema aka kira Manaja a waya, mai kantin kifi ne, kan maganar tankin da ke zauren shiga.

Tankin nan na gilashi ne, tsawonsa ya kai na gado, yana jingine da bango daura da teburin Kwamanda. A ciki akwai kifayen ado guda tara, jajaye masu baza wutsiya. Mai ginin tana son su fiye da yadda take son masu hayarta, kuma ta ce ba ta yarda a sa mata furen roba a ciki ba, tsirrai masu rai take so. Sau biyu ana dasawa, sau biyu kifayen na cinye su ƙarƙaf, sai karan.

Manaja ta ajiye wayar ta dafe goshi. "Idan ta zo ta tarar an cinye karo na uku, ni ma sai na yi bayani."

"Ranki ya daɗe, ai wannan matsalar tarbiyya ce."

"Tarbiyyar wa?"

"Ta kifin mana. Ba wanda ya taɓa tsawata musu. Ni kuwa duk dabbar da ke da baki, ina iya koya mata rufe shi."

Manaja ta dubi bakin nasa, sannan ta ce, "To shi ke nan. Yau za a kawo sababbi. Idan mai ginin ta zo ta ga ko tsiro ɗaya a tsaye da ganyensa, ni da kaina zan ce mata a bar ka a aikinka."

"Ɗaya? Ranki ya daɗe, kin raina ni. Sai dai ta tarar sun ƙaru."

Da hantsi mai kantin ya zo da tsirrai goma sha biyu a leda, masu laushin ganye kamar yadda mai ginin ta zaɓa. Ya dasa su a cikin tsakuwa yana girgiza kai.

"Malam, tunda kai za ka kula da su, bari in sauƙaƙa maka," ya ce da Kwamanda. "Irin wannan kifin halittarsa ce cin ganye. Ko dai a canza tsirran a sa masu taurin ganye, ko kuma kullum ka ɗan tafasa ganyen latas ka maƙala musu a gefe. Idan sun samu wannan, sai su rage ɓarna."

"Latas?"

"Ko yankan kokwamba."

"Wato mai laifi ya yi laifi, ni kuma in shiga kicin in dafa masa abin da yake so."

"Kifi ne, Malam."

"Shekararka nawa kana sayar da kifi?"

"Sha tara."

"Ka taɓa horar da ko ɗaya?"

"A'a."

"To ka gani," in ji Kwamanda, ya raka shi har bakin ƙofa yana tausaya masa.

Washegari ya zo da usur a rataye a wuya. Ya jawo kujerarsa gaban tankin, ya juya wa ƙofa baya, ya ajiye gwangwanin abincin kifi a cinya. Tsarin mai sauƙi ne, haka ya bayyana wa mai shara, tsohuwar da kowa a ginin ke kira Gwaggo. Da zarar kifi ya kai baki ga ganye, sai a busa usur a ƙwanƙwasa gilashi. Idan ya ja da baya ya yi biyayya ke nan, sai a saka masa da abinci.

"Haka ake yi wa kare, Gwaggo. Tsawa, sannan lada."

"Ina kunnen kifin yake?" ta tambaya, tana jingine da sandar goge-goge.

"Ilimin ya fi ƙarfinki."

"Ya fi kam."

Wani kifi ya doshi ganye. Kwamanda ya busa, ya buga gilashi, kifayen suka watse. Ya barbaɗa abinci, suka taso suka cinye. Ya dubi Gwaggo da murmushin wanda ya gama aiki. Ba a yi minti uku ba wani ya koma ga ganyen, aka sake busa, aka sake barbaɗawa. Kafin azahar an yi busa ta fi arba'in.

Likitan haƙori ne ya fara saukowa, da safar roba a hannu. "Kwamanda, wasan ƙwallo ake yi a nan? Ina riƙe da allura a bakin mutum ka busa, ya zabura, saura kaɗan in yi wa harshensa allurar."

"Yallaɓai, horo ake yi. Ka gaya masa ya daure."

Babban lauya bai sauko ba, sakatariyarsa ya aiko da takarda mai sakin layi uku. Kwamanda ya ninke ta ya tokare ƙafar kujerarsa da ke rawa.

Kwana huɗu aka yi a haka. Zuwa Juma'a kifayen sun daina tsorata da busar. Da sun ji ta sai su taso sama a guje, baki a buɗe, Kwamanda kuwa ya ce wa duk mai wucewa ya tsaya ya ga fareti. Abin da bai nuna wa kowa ba shi ne abincin wata guda ya ƙare, ruwan ya yi gurɓi har ba a ganin bangon baya, tsirrai kuma sun koma takwas, domin da ya tashi aiki da yamma kifayen ke fara nasu aikin.

A ranar ce kuma wani mai tallar safa ya shigo ta bayan Kwamanda, ya hau har hawa na huɗu, ya ƙwanƙwasa ofishin Manaja ya baje mata kayansa a kan tebur. Ta sauko da shi da kanta.

"Kwamanda, wannan bawan Allah ta ina ya shigo?"

Kwamanda ya dube shi sama da ƙasa. "Na gan shi, ranki ya daɗe. Da gangan na bar shi, in ga iyakar inda zai kai."

"Ya kai kujerata."

"To kin ga an gano rauni a tsarin."

Mai tallar ya ga ana magana a tsanake, sai ya tambayi Kwamanda lambar ƙafarsa.

Ranar Litinin mai kantin ya zo ya canza ruwan, ya sake ambaton latas, aka sake raka shi ƙofa. Tsirrai shida suka rage. Kwamanda ya zauna ya yi nazari, ya gano inda gizo ke saƙar. Akwai wani ƙaton kifi mai baƙin tabo a goshi, kullum shi ke fara kai baki, sauran su biyo baya.

"Ga shugabansu nan, Gwaggo. Dubi idonsa. Ko ƙiftawa ba ya yi."

"Dukansu ba sa ƙiftawa."

"Shi ya koya musu."

Ya ɗauko matacin shayi daga kicin ɗin ma'aikata, ya naɗe hannun riga, ya hau kan kujera. Rabin sa'a ana tsere. Ya tumɓuke tsirrai biyu da gwiwar hannunsa, rigarsa ta jiƙe jagab har ƙirji, kafin ya kama mai tabon. Ya nemi inda zai tsare shi, Gwaggo ta hana shi bokitinta. Sai ya koma kicin ya ɗauko babban jog na gilashi, ya cika da ruwan tankin, ya saka fursunansa a ciki, ya ajiye a kan tiren da ke gefen kofuna. Daga nan ya shiga banɗaki matse riga.

Sakatariyar lauyoyi ta shigo kicin a gurguje, ana taro a sama da wasu manyan baƙi. Ta jera kofuna, ta sunkuci tiren tana magana a waya, ta shige lifta. Kwamanda ya fito ya tarar da wurin wayam.

"Gwaggo, ina mai laifin?"

"Ya tafi wajen lauya," ta ce, ba ta ko ɗago daga goge tayil ba.

Babban lauya da kansa ya sauko da jog ɗin, riƙe da hannu biyu, baƙinsa uku na biye da shi don kada a ba su labari. Ya ce ya ɗaga zai tsiyaya wa babban baƙo ruwa ke nan suka haɗa ido da kifin.

"A kan wane laifi aka tsare shi?" ya tambaya, fuska a ɗaure.

"Ɓarnar dukiya da tunzura jama'a, yallaɓai."

"An ji ta bakinsa?"

"Bakin ne ai matsalar."

Baƙin suka yi ta dariya har ɗayansu ya zauna a matakala. Manaja ba ta yi dariya ba. Ta sa aka mayar da kifin nan take, shi kuwa yana shiga ya wuce kai tsaye ya yagi ganye.

Talata Kwamanda ya canza salo. Ya ce tunda lallashi ya ƙi, za a rufe iyaka kuma a yanke abinci. Ya yanko gidan sauro daga gida, ya naɗe tsirrai huɗun da suka rage ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure da zare, suka tsaya a ruwa kamar yatsun da aka yi wa bandeji. Ya kulle sabon gwangwanin abincin a durowa. Kifayen suka zagaya suka zagaya, suka ga ba hanya ta sama, sai suka koma tonon tsakuwa. Kafin la'asar ƙunshi uku sun taso saman ruwa suna yawo, an cinye saiwarsu tas.

Saura ɗaya.

Da yammar nan ya koma gida bai iya cin abinci ba. Matarsa ta dube shi ta ce, "Malam, ga latas nan a firji. Ka ɗauki ganye biyu gobe ka huta."

"Toshiyar baki ke nan. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa ba mai laifi cin hanci ba."

"To ba da kifi za ka fara ba? Ba wanda zan gaya wa."

"Ke ba ki san horo ba."

"Na san dai gidan sauron yara ya ɓule, kuma na san idan aikin nan ya tafi, gida za ka zauna min kana busa usur."

Ya zauna a bakin gado yana murza gwiwarsa, tsoron nan na ranar da Manaja ta kira shi ofis ya dawo masa sabo.

Sai dai a wannan karon tsoron ya haifar masa da dabara, kuma a faɗi gaskiya ita ce dabara ɗaya tak mai kai da ya yi a duk kwanakin nan. Laraba da sassafe ya zare tsiron da ya rage, ya kwance masa gidan sauro, ya saka shi a robar ruwa ya kulle a kabad ɗin masu gadi. Ya ce wa Gwaggo wannan shi ake kira ba wa shaida kariya. Kifayen ya bar su da yunwa kwana na biyu, don su san akwai hukuma.

Alhamis da ƙarfe goma saura kwata direban mai ginin ya kira ya ce sun kusa. Kwamanda ya fito da tsiron ya dasa a tsakiyar tankin, ya danne da tsakuwa, ya yi ta kaɗa hannu a ruwan har kifayen suka tsorata suka taru can ƙuryar baya, bayan wani dutse. Ya goge hannu, ya sa hula, ya ƙame.

Zauren ya cika. Manaja ta zo, da wakilin kamfanin tsaro cikin baƙar kwat. Likitan haƙori ya bar mara lafiya da auduga a baki ya sauko. Lauya da sakatariyarsa suka tsaya a matakala, Gwaggo ta jingine sandarta. Mai ginin ta shigo a hankali tana dogara sanda, tsohuwa ce 'yar ƙarama mai kaifin ido. Ba ta gaisa da kowa ba sai da ta isa gaban tankin.

Tsiron na nan a tsaye, kore shar, ganyensa na rausaya. Kifayen suna can bayan dutse, ko motsin kirki ba sa yi.

"Guda nawa aka dasa?" ta tambaya.

"Goma sha biyu, ranki ya daɗe," in ji Manaja.

"Ɗaya ya rage. To ya fi na baya, da ba a bar ko ɗaya ba. Wa ya kula da shi?"

Manaja ta riga ta yi alkawari, kuma ita mai cika alkawari ce. "Shugaban masu gadinmu ne. Dama ina so in yi miki magana a kansa, ina ganin a bar shi a..."

A nan ne ya kamata Kwamanda ya yi shiru. Numfashi biyu kawai ake nema daga gare shi, aikinsa ya tsira. Gwaggo ta harare shi, likita ya girgiza masa kai. Amma jama'a sun taru, wakilin kamfanin na kallonsa, ga kuma mai ginin da ba ta taɓa jin labarin karnuka ba.

"Ranki ya daɗe, ba kula ba ce, horo ne. Kin ga yadda suka yi layi can baya? Ba wanda zai matso sai da izinina. Irin abin da kamfani ba zai iya miki ba ke nan. Bari ki gani da idonki."

"Kwamanda," in ji Manaja a hankali.

Ya riga ya kai usur baki.

Horon kuwa ya shiga, wannan ba a musu. Kifayen nan tara sun koyi darasi ɗaya sarai, cewa busa na nufin abinci. Suka fito daga bayan dutse a guje suka taso sama, baki a buɗe. Ba abinci, gwangwani na kulle a durowa. Suka zagaya sau ɗaya. Mai baƙin tabo ya juya ya nutsa, takwas suka bi shi.

Kwamanda ya sake busa, ya buga gilashi. Kowace busa ƙara musu kuzari take yi. Ganye na yagewa, guntaye na yawo a ruwa, shi kuma yana busa har jijiyar wuyansa ta tashi. Da ya ga abin ya fi ƙarfin usur sai ya haye kujera ya zurma hannu har kafaɗa. Takardar lauya da ta tokare ƙafar kujerar ta zame, kujerar ta karkace, ƙirjinsa ya bugi bakin tankin, ruwa ya fallatso har kan takalmin mai ginin, hularsa ta faɗa ciki. Ya ɗago tsamo-tsamo, riƙe da kara tsirara mai rabin ganye ɗaya a kai.

Kowa ya zuba masa ido.

"Ranki ya daɗe," ya ce yana haki, "wannan shi ne kashi na farko. Ana nuna yadda suke kafin horo."

Mai ginin ta dubi takalminta, ta dubi karan, ta dubi ƙofar ginin da ke buɗe hanhai ba kowa a wurin. Sannan ta juya ga mai baƙar kwat.

"Yaushe mutanenku za su iya farawa?"

"Gobe, ranki ya daɗe."

Manaja ta miƙa hannu, Kwamanda ya zaro makullai daga ɗamararsa ya ba ta.

Washegari da hantsi ya dawo ɗaukar butar shayinsa da takalmin ruwan sama da ya bari a kabad. Ya sa kayan gida. A teburinsa wani ƙaton mutum ne zaune cikin sabon yunifom, ya miƙe ya tare hanya cikin ladabi.

"Sannu, Baba. Wa ka zo gani?"

"Ni ne Kwamanda."

Mutumin ya duba takardar da ke gabansa, ya bi ta da yatsa har ƙasa. "Babu a nan. Zauna can a benci, zan kira sama. Don Allah kada ka taɓa gilashin, an hana."

Ya zauna. Bai taɓa zama a bencin baƙi ba, ashe tauri gare shi. Mutane na shigowa suna wucewa, ba wanda ya tsaya. Sakatariyar lauyoyi ta gan shi, ta mayar da ido kan wayarta ta shige lifta. Kwamanda ya sunkuyar da kai.

Da ya ɗago sai ya ga kifayen. Sun gane shi. Dukansu tara sun taru a kusurwar da ke kusa da shi, sun manne da gilashi suna ture juna, baki na buɗewa yana rufewa. Ya daɗe yana kallon su. A gefensa wata mata ce zaune tana jiran likita, ta dafe kunci da hankici.

Kwamanda ya share ido da bayan hannu, ya gyara zama, ya matsa kusa da ita.

"Baiwar Allah, kin ga waɗannan? Ni na horar da su."